Zanen Yaya da Ya Ƙi Buɗewa a Wayar Inna

Akwai mako guda a rayuwata da ba na jin zan taɓa mantawa da shi, ko da tsufa ya kwashe sauran. Shi ne makon da na kusa lalata wa yayata zanen da ta fi ƙauna, a garin rage masa nauyi.

Yaya ce 'yar fari a gidanmu. Tana da shekara tara sanƙarau ya kama ta. Ta warke, amma ba ta ƙara jin magana ba. Da hannu muke hira da ita, abin da ya gagara ta rubuta ko ta zana. Bayan ta yi aure a Gumel, inda ni ma nake koyarwa, sai ta fara zana gajerun labarai da baƙin alƙalami, yawanci na ban dariya, kan masu awo a kasuwa da direbobin tasha. Ni na buɗe mata shafi a intanet. Duk Asabar in kai takardun shagon kwamfuta a ɗauki hotonsu da na'ura, in ɗora. Iyakar sanina ke nan.

Masu karatu daga Gagarawa da ƙauyuka sun sha yi mini ƙorafin cewa shafin yana cinye musu data, ban damu ba. A ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar kuwa, sai Inna ta tsaya bayan rumbu, inda ake ɗan samun sabis, kafin hoto ɗaya ya sauka. Ita ce ta gaya mini Baba yakan karɓi wayar ya duba idan ya ga ba kowa.

Tsakanin Baba da Yaya akwai shiru mai tsawo. Ga kunyar 'yar fari, ko sunanta ba ya faɗa. Ga kuma abin da duk muka sani ba ma furtawa: kwana biyu ya yi yana gwada maganin gida kafin ya ɗauke ta a keke zuwa asibiti, kuma bai taɓa yafe wa kansa wannan jinkirin ba. Bai koyi maganar hannu ba. In ta zo gida, ya amsa gaisuwarta da kai ya fita.

Wata Asabar ta miƙo mini shafi shida, ba na ban dariya ba. Labarin wannan tafiyar ce a keke. A shafin ƙarshe ga yarinya ɗaure da rawani a bayan mahaifinta, shi kuma ya waiwayo. A ƙasa ta yi rubutu da ajami, don shi Baba ke karantawa: "Muryar ƙarshe da na ji a duniya taka ce, kana kiran sunana. Ta ishe ni."

Na ce mata da hannu, mu kai masa takardar mana. Ta girgiza kai, ta rubuta mini, "Ba zan iya miƙa masa ba. Shi ma ba zai iya karɓa a gabana ba."

Saboda muhimmancin aikin, na sa mai shago ya ɗauki hotunan da mafi girman da na'urarsa za ta iya. Kowane shafi ya haura megabait goma. Kwana uku Inna tana zarya bayan rumbu, abin yana ta juyi bai buɗe ba. "Datar ta ƙare sau biyu," in ji ta. "Shi kuma Babanku jiya ya tambaye ni ko 'yar Gumel ta daina zanen ne."

Sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na samo wata manhaja mai matse hoto, na ja ma'auninta har ƙarshe, na sake ɗorawa ban ko duba ba. Da Yaya ta buɗe a wayarta, ta daɗe tana kallo. Layukanta sun yi dishi-dishi kamar an yayyafa wa takardar ruwa. Fuskar Baba ta zama dunƙulen toka. Ɗigon ajamin duk sun narke, kuma ajami in ba ɗigo ba ka bambance wannan harafi da wancan. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ajiye wayar, ta shiga ɗaki. Nan take na cire shafukan daga intanet.

Mijinta ne ya ba ni labarin wani dattijo mai buga alluna da katin biki a Maigatari, wanda ya koyi sana'ar a Damagaram. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, na shiga mota na same shi. Ya dubi abin da na yi, bai yi dariya ba.

"Na asalin yana nan?" ya tambaya. Na ce yana nan. "To ba a yi asara ba. Kullum daga na asali ake ragewa, kuma sau ɗaya. Malam, ka tambayi mai zanen abin da ba ta yarda a taɓa ba?"

Na ce ban tambaya ba. Na tura mata saƙo, ta amso da abu biyu: fuskarsa da rubutun.

Ya buɗe shafin ƙarshe a kwamfutarsa ya ƙara girmansa, ya nuna mini wurin da ba zane. Ashe ba fari ba ne, duk zane-zanen jikin takarda ne da inuwa. "Rabin nauyinka a nan yake," in ji shi. "Kana aika wa mutane hoton takarda." Ya mayar da bayan fari tas. Ya rage faɗin hoton daga dubu huɗu zuwa dubu ɗaya a ma'aunin kwamfuta, ya ce fuskar salula ba ta buƙatar fiye da haka. Ya bar launi goma sha shida kacal tsakanin fari da baƙi, tunda ba wani launi a zanen. Sannan ya ajiye shi a tsarin PNG, ya ce JPG na hoton kamara ne, shi ke cin gefen layi da rubutu idan an matsa masa. Layin ajamin kuma ya yanke shi daban ya ƙara masa girma. Shafin da ya haura megabait goma ya dawo bai kai rabin megabait ɗaya ba, kuma na ƙirga ɗigon rubutun, duk suna nan. Sauran biyar ɗin ya sa ni na yi da hannuna yana kallo.

Da na koma Gumel, sai da Yaya ta duba kowane shafi ta gyaɗa kai sannan na ɗora. Da la'asar Inna ta kira ta ce ya buɗe tun tana bakin murhu, kuma Baba ya karɓi wayar ya shiga zaure, har yanzu bai fito ba.

Washegari bayan sallar Juma'a sai ga shi a Gumel, ba sanarwa. Ya zauna a tabarma a tsakar gidan Yaya, ta durƙusa ta gaishe shi. Wannan karon bai tashi ba. Ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Yaya ake cewa na gani, da hannu?"

Na nuna masa. Ya yi, bai yi daidai ba, ya sake. Yaya ta kama yatsunsa ta gyara masa. Na fita na ba su wuri.

Tun daga ranar na gane cewa aiki komai kyansa, in bai isa ga wanda aka yi dominsa ba, bai gama ba. Na kuma koyi cewa kafin ka rage wani abu a kayan mutum, ka tambaye shi abin da ba zai iya rasawa ba.