Kututturan Sabara a Gonar Baba

Mahaifina ba ya shuka sai ya shinshina ƙasa. In ruwan farko ya sauka a gonarmu ta Ɗantutture, sai ya durƙusa gindin sabara, ya damƙo ƙasa, ya kai hanci. "Tana numfashi," zai ce, sannan a ɗauko iri. Ko da wasa ba ya tumɓuke kututture. Sassabe kawai yake yi, ya bar saiwa a ƙasa.

Ni kuwa na ɗan yi boko a Dutsin-Ma, kaina ya kumbura. Kututturan nan haushi suke ba ni, kamar ƙuraje a fuskar gona. Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, gona ta dawo hannuna, na ɗauko tarakta daga Kurfi. Yini guda ta tumɓuke sabara da kalgo, ta birkice ƙasa har ja ta fito sama. Ƙamshi ya tashi, har bakin hanya ana jin sa. Daɗi ya kama ni.

Da na ba shi labari bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi.

"Har bakin hanya?" ya ce. "Ɗana, abin da ƙasa ta daɗe tana tarawa ne ka buɗe mashi ƙofa."

Daminar farko rumbu ya cika, ina tafiya ina ɗaga kafaɗa, ashe kallon kitse nake yi wa rogo. Ta biyu gero ya ragu. Ta uku na lura babu tana a huɗa, hatta gara ta daina cin kara. Ruwa ba ya shiga ƙasa, sai ya bi ta kai ya kwashe ta zuwa rafi. A tsakiyar gona fako ya fito, fari fat, kullum yana ƙara faɗi. Sai a lokacin na gane numfashin da Baba yake nufi: saiwoyi ne da ƙananan halittun da ke cin ruɓaɓɓen ganye. Ni na kore su.

Damina ta huɗu Baba ya ce a kai shi gona. Na goya shi a babur bayan ruwan farko. Ya nemi gindin sabara, babu ko ɗaya. Ya durƙusa da ƙyar a kan fakon, ya ƙwaƙulo 'yar ƙasa da farce, ya kai hanci, ya daɗe. Tsoro ya kama ni, ga ƙwaryar iri a hannuna.

"Baba, in zuba?"

Ya kakkaɓe hannu.

"Mai da irin gida. Kada mu bizne shi tare da ita."