Wasan da Ustaz Idirisu Bai Buga Ba

A gidanmu na Gadarif, bayan magariba, Habboba, wato kakarmu, takan zauna gaban murhu tana soya bun, wato 'ya'yan gahawa, don dafa mana jabana, mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta sun daɗe da ƙarewa. Abin da ya rage mata shi ne labarin mijinta, Ustaz Idirisu, wanda ya rasu kafin a haife ni.

Yana cikin na farko-farkon da suka buga ƙwallo a kwaleji a Khartum, har gwiwarsa ta lalace. Ya dawo gida yana ɗingishi, ya tara samarin unguwa, 'yan ƙwadagon gona, yana horar da su a fili bayan kasuwar dawa. Kowace shekara ya haɗa su, aikin gona ya watsa su.

"Sau ɗaya tak suka kai wasan ƙarshe," in ji ta. "Sai riɗi ya nuna a gonakin garin Doka a makon. Kun san riɗi, ka yi jinkiri kaɗan, ya fashe ya zube ƙasa."

Lorin ɗiban ma'aikata ya zo ranar Alhamis, wasa kuma Juma'a. Samarin suka tsaya ƙofar gida, ba mai iya ɗaga kai. Abincin gidajensu na shekara yana cikin yankan nan. Ɗaya ya ce, "Ustaz, in ka ce mu tsaya, za mu tsaya."

"Ya bar su nan ƙofar gida," in ji Habboba. "Can ya shigo ya ce, 'Hauwa, ina laujen nan?' Na ce, 'Da wannan gwiwar?' Ya ce, 'Halas, magana ta ƙare, miƙo.'"

Ya hau lori tare da su. Aka ba abokan karawarsu kofi ba a taɓa ƙwallo ba. Bayan sati uku ya dawo da ƙafa a kumbure.

"Ya yi nadama?" na tambaye ta.

"Ya yi mana, ɗana. Har ya mutu ba ya bin ta gefen filin nan."

Ina yaro, haushinsa nake ji. Yanzu ina koyarwa a Ƙala'at an-Nahal, na gaji da kallon rabin aji yana watsewa duk lokacin yanka. Bara yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari ta zo mini ana gab da jarrabawa, ta ce uwarta na kwance, ita za ta je gona a madadinta. Na san in na ce ta tsaya, za ta tsaya. Na ce ta tafi. Ba ta dawo makaranta ba, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba.