Hannun Inna a rumfar raino

Shekarun baya, wata uku bayan rasuwar mahaifiyata, na bar Nguru na koma Gashua don in kama wa mahaifina noman rani. A gonarmu ta bakin kogi akwai wata rumfa mai rufin leda, ko ɗigon ruwan sama ba ya shiga. A ciki Inna take rainon irin tumatir da tattasai kafin a dasa, ta kewaye su da wata fulawa ruwan ɗorawa da ta ce tana korar ƙwari.

Ni kuwa, sarkin iyayi, ranar farko na ce sai na yi shara. Na tarar da kwalabe cike da toka, na kwashe na zazzage su a kogi, har ina mita wai tsofaffi ba sa yar da komai. Da Baba ya ga kwalaben wayam, sai ya zauna a ƙasa.

"Kai, ɗan nan! Irin tattasanta ne. A toka take ajiye shi saboda ƙwari. Tun daga hannun kakarka yake."

Wallahi ji na yi kamar na sake binne ta. Babu mai wannan irin, duk maƙwabta na tambaya. Haka na sayo na kanti na shuka, Baba ko leƙowa ba ya yi.

A ƙuryar rumfar akwai wani fange, wato ɗan komin shuka, da aka rufe da tsohon buhu. Ban taɓa shi ba, amma kullum ruwan da nake ba wa shukata yana gangarawa can. Ranar kwana na goma da fara ban ruwa, da hantsi, na ga buhun ya ɗan taso kamar akwai abu a ƙarƙashinsa. Na ɗauka maciji ne, na sa sanda na ɗaga.

Tsiro ne, layi biyar-biyar, yadda take ja da yatsunta. A gefen kowane layi ga shatin tafin hannu a ƙasa mai danshi, ƙaramin yatsan a karkace. Na san yatsan nan, tun tana yarinya ya karye. Da rana ne, amma na kasa juyawa, don gani nake in na waiga zan same ta tsaye da butar ban ruwa. Da baya-baya na fita, takalmi ɗaya a ƙafata.

Baba ya zo ya daɗe a tsugune, sannan ya ce, "Ranar da za mu tafi asibiti, mota na jira, ta ce in ba ta minti biyar. Nan ta shigo. Har faɗa na yi mata."

Ashe a busasshiyar ƙasa ta shuka irin tattasan da tokarsa, ta danne, ta rufe. Ruwa kawai yake jira.

Na san bayanin, amma har yau in na shiga rumfar sai na yi sallama. Ban san me ta ji a jikinta ba ran nan, ko kuwa halina kawai ta sani. Tattasan yana nan, duk shekara ni nake cika kwalabe da toka. Fangen nan kuwa, da muka cire dashen, Baba bai bari fartanya ta taɓa shi ba. Ni ma in ina ban ruwa, kauce masa nake yi, kada shatin ya goge.