Dalolin Aikin Gwiwar Inna

Shekarar da gwiwoyin Inna suka ƙi, har salla sai a zaune take yi, likitan ƙashi ya ce sai an yi aiki, kuma ya ba da shawarar a kai ta Alƙahira. Ni malamar makaranta ce a Dutse, ina zaune a Limawa, ban taɓa riƙe kuɗin wata ƙasa ba. Dole na zauna na koya. Asibitin dala yake karɓa. Tikitin jirgi ko da naira za ka biya, farashin dala yake bi. Masauki da abinci da motar haya kuwa da kuɗin Masar ne. Da wuri na gane cewa abin da ka lissafa da naira ranar Litinin, kafin Juma'a ya tashi daga aiki.

Don haka na sayar da filina, na haɗa da kwasar adashe, na je Kano wajen 'yan canji na sayi dala. Ta isa aikin gwiwa biyu da zaman jinya, har da ɗan rara.

Maigidana yana aiki a Haɗeja, gidan sau da yawa daga ni sai yara. Yayana kuwa, babban ɗan Inna, ɗan kasuwar hatsi ne a Ringim, yana da akwatin ƙarfe a shagonsa. Na kai masa.

"Yaya, amana ce. Kuɗin aikin Inna ne."

"Haba, sai kin faɗa? Ai uwarmu ɗaya."

Biza ta yi ta jan ƙafa, watanni suka shuɗe. A tsakanin nan dala ta tashi kamar ba za ta tsaya ba. Duk sanda na ji sabon farashi a rediyo sai in yi hamdala da na saya da wuri.

Da bizar ta fito na shiga mota zuwa Ringim. Bayan mun gaisa ya buɗe akwatin, ya ɗauko baƙar leda ya ajiye a gabana. Tun daga girmanta gabana ya faɗi, domin abin da na ba shi ambulan ɗaya ne. Na buɗe, naira ce ɗauri-ɗauri.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Kuɗinki ne. Da kaka na ga suna kwance a banza, sai na canza na sayi riɗi. Ga abin da kika ce kin kashe nan cif, ko kwabo bai yi ciwon kai ba."

"Dala na ba ka!"

"To dala ba kuɗi ba ce? Naira ba kuɗi ba ce?"

Wannan tambayar ita ta fi ƙona mini rai. Mutumin da ba ya buɗe shago sai ya ji yadda dala ta kwana, shi ne zai yi mini kamar bai san bambanci ba. Ya sayar da ita bayan ta tashi, ya ci wannan ribar, ya ci ta riɗi, ni kuma ya miƙo mini tsohon farashi. Abin da ke cikin ledar da ƙyar zai sayi rabin abin da na ajiye. Na ɗaga murya a cikin shagon har maƙwabtansa suka leƙo. Ban taɓa yi masa haka ba, kuma har yau ban yi nadama ba.

Aka kai magana gaban Baffa, ƙanin mahaifinmu. Na zaci za a ce ya cika. Baffa ya saurare mu, sannan ya dube ni.

"Ki yi haƙuri, yayanki ne. Kuma bai kamata a ji muryarki a kasuwa ba."

Laifin ya dawo kaina ke nan. Inna na gefe tana share hawaye, tana cewa a bar tafiyar, ita ta saba da ciwon. Yaya ya zaro wasu 'yan kuɗi ya ce ga gudummawarsa. Gudummawa, daga cikin kuɗina! Na karɓa, domin ba ni da halin yin zuciya.

Na koma na sake lissafi. Na sayar da 'yan kunnena na zinare. Na soke masaukin da ke kusa da asibiti, na kama ɗaki mai araha a saman bene, nesa. Na ƙulla garin tuwo da kuka da daddawa a jaka don kada mu sayi abinci. Duk da haka kuɗin gwiwa ɗaya kawai ya isa. Da muka isa Alƙahira likitan can ya tambayi wacce za a fara, Inna ta nuna ta dama, ta ce ita ta fi damunta. Ni da wata mai shara muka riƙa tallafarta a matakala duk ranar zuwa asibiti, tana cije leɓe, tana ba mu haƙuri.

Yanzu tana tafiya da sanda, ta hagun tana nan yadda take. Ina gaishe da Yaya idan mun haɗu, saboda Inna ta roƙe ni. A wani suna da aka yi a Kafin Hausa na ji shi yana faɗa wa mutane irin wahalar da "muka" sha kafin mu kai ta Masar, ana ta sa masa albarka. Na ajiye kwanon da ke hannuna na fita waje.