Katakon Malam Ya Yi Fure a Alƙahira

Wa Malam ya so ya buga wa farin yadin nan da ya naɗe katakonsa a ciki? Ni ce? Har yau ban sani ba, wanda zai gaya mini kuwa wata bakwai ke nan yana kwance a maƙabarta. Jikata ke rubutawa, ni ina faɗa ina share hawaye.

Malam mijina marini ne. A aikin hajji wani Ba'indiye ya ba shi katako mai sassaƙen fure, na bugawa a yadi. Duk sanda ya gwada sai furen ya dame, abokan sana'arsa suna yi masa dariya.

Bayan rasuwarsa muka tashi da asuba daga Kano zuwa wajen jikata a Alƙahira, ni da ɗana, katakon da yadin suna jakata. Alƙahira mota ba ta jiran tsohuwa. Direban ƙaramar bas yana ta "yalla, yalla" kamar da ƙafar budurwa nake tafiya. Jikar tawa karatu take yi, tana zaune a unguwar Hayyus Sabi', a hawa na biyar. Burodi da wake ga su nan da araha, sai dai babu yaji.

Maƙwabciyarta Ba'indiya ce, mutanen gidansu masu sana'ar buga yadi da katako ne. Ta shafa katakon, ta tambaya ta bakin jikata yadda Malam yake sa masa launi. Na ce tsoma shi yake yi a ruwan baba, yadda ake tsoma zane a karofi. Ta dafe kai. Ashe ba a tsomawa. Da ƙaro ake kaurara launin, a shafa a tsumma cikin faranti, a dangwala katakon, a ɗora a yadi, a naushe shi sau ɗaya. Ƙaro fa! Wanda ke tsiyaya a bishiyar bayan gidanmu.

Uku na farko sun dame. Na huɗu da na ɗaga, sai ga fure tas, har jijiyar ganyensa. Na yi guɗa, tsofai-tsofai da ni. Kwana biyu na cika yadin.

'Yan matan Indonesiya na hawan ƙasa suka yi mana walima. A kan dutse suka niƙa ɗanyen barkono da tumatir da albasa da wata daddawarsu ta jatan lande, suka matsa lemun tsami. Sambal suke ce masa.

"Ya Hajja, kaɗan-kaɗan," in ji ɗaya.

"'Yar nan, tun ba a haifi uwarki ba nake cin barkono."

Loma biyu hawaye suka ɓalle. Suka ruga ɗebo ruwa, na ce su bari, ba duka ne na barkono ba. Na cinye, na nemi ƙari.

Da zanen a jikina na sauka Kano. Tsofaffin karofi, masu dariyar nan, suka zo suna dubawa suna tambayar yadda aka yi. Na gaya musu, ban ɓoye komai ba, don na ga abin da rashin mai gaya maka yake jawowa.

Ranar da Malam zai cika, ya kama hannuna ya ce, "Hajiya, kar ki bari a hura wuta da katakon nan. Ba shi ya gaza ba."