Kwanon Tangaran na Mahaifiyata

Lokacin da aka gama babban taron ƙasa da ya kawo sauyin mulki, Turawa suka fara dawowa Kwatano, ni matashi ne ɗan Zongo mai sayar musu da kayan zamanin da a bakin otal. Baki gare ni kamar reza, kuma ina ganin ba wanda ya kai ni wayo. Ban taɓa ba kowa wannan labarin ba sai yau.

Mahaifiyata tana da wani kwanon tangaran da ta gada daga kakarta, fari mai zanen shuɗi, da hoton jirgin ruwa a tsakiya. A cikinsa ake wanke rubutun duk jaririn da aka haifa a gidanmu, har da ni. Idonta ya riga ya mutu, amma kullum da safe in ta zo wucewa ta gaban kabad sai ta ɗan buga shi da farce, ya yi wata siririyar ƙara. Wata rana na ga hoton irinsa a littafin wani Bature mai tara irin waɗannan kaya. Ya ce a ƙasar Sin aka ƙera su tun zamanin da, musamman don attajiran Turai, kuma in na samo masa ɗaya na warke. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na sayo mai kama da shi a kasuwar Saint-Michel na ajiye a gurbinsa, ina ce wa kaina ai ba gani take yi ba. Matata kuwa haihuwa yau ko gobe.

Kwana uku kwanon yana ɓoye a shagona kafin Baturen ya dawo daga tafiya. Ya ɗaga shi a rana, ya jujjuya, sai ya nuna mini wata siririyar tsaga da ta yi baƙi ƙirin. Tawadar shekara da shekaru ce ta shige, ba sabulun da zai fitar da ita. Ya ce kwanon ya lalace, ba ya so. Har roƙonsa na yi, ko kunya babu. Sai da na hau babur zan koma na tuna cewa a cikin baƙin nan har da tawadar rubutuna. Wallahi ban taɓa murnar ciniki ya watse ba sai ranar.

Na mayar da shi mahaifiyata tana barcin rana. Washegari ta buga shi, ta tsaya tana saurare, sannan ta gaya wa matata, ina tsaye, cewa kwanon ya kwana uku yana mura, amma yau muryarsa ta dawo. Ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta koma ga Allah, ni kuwa da ma duka ta yi mini.

A cikinsa aka wanke rubutun 'yata. Na gode wa Allah da ya rufa mini asiri, ba don na cancanta ba. 'Yan uwa, kada ku kai abin gado kasuwa don kun ga mai shi ba ya gani. Idon tsohuwa ne ya mutu, kunnenta yana nan.