Allon da na kafa a ƙofar zauren Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ma ta ɗauke masa. Kullum yana kwance a zaurenmu na Gwandu. Abokansa su zo su yi sallama sau uku, ba amsa, su juya, don a wajensu ba a shiga inda ba a amsa ba. Sannu a hankali ƙafa ta fara ɗaukewa.

Ni kuwa ina Kalgo ina gyaran waya. Ban yi kuka ba, ban kuma ji wani abu ba. Kamar an cusa mini auduga a ƙirji. Aikin hannu kaɗai nake iyawa, sai na kama shi.

Na sayo 'yar kwamfuta da ba ta kai tafin hannu ba, da sensa mai gane an tsaya a gabanta, na haɗa su da wani tsohon allon kwamfuta da batirin sola. Na tsara shafin intanet guda: da mutum ya tsaya a ƙofa, allo ya kunna, ya nuna amsar sallama da "Bismillah, ku shigo".

Na kafa sensar daidai ƙirjina, na gwada da kaina, tsaye ƙiƙam, ta yi aiki. Na manta tsofaffin nan daga nesa suke cire takalmi, su iso ƙofa a sunkuye. Ta ƙarƙashinta suke wucewa, allo bai ko ƙifta ba. Da na sauko da ita ƙasa, awakin maƙwabta suka fi kowa shan maraba.

Wata uku ina awo ina gyara, Juma'a bayan Juma'a, kafin ta daidaita.

Ran nan wani aminin Baba makiyayi ya zo daga Kambaza. Ya sunkuya ya yi sallama, allo ya haska tas. Ya dube shi, ya dube ni.

"Wanga abu naka ya yi kyau, yaro," in ji shi. "Amma ni ba allo niz zo gaisuwa ba."

Ya sake sallama. Ya yi ta uku, ya fara laluben takalminsa da ƙafa.

Sai muka ji ƙwanƙwasa daga ciki. Baba ne yake buga butar alwalarsa da hannun hagu, a hankali, sau biyu.

"To, ya amsa," in ji tsohon, ya shige.

Na tsaya a waje da waya a hannu. Daga baya mahaifiyata ta ce ai tun makon farko yake buga butar nan ga duk wanda ya yi sallama, ba dai mai kasa kunne ya ji ne daga waje. Ni ma ban taɓa ji ba sai ranar. Duk zuwana a bakin ƙofa nake ƙarewa.